Me za mu kira leftin a shirin lafiya?

Mai shiri, Gusau: Salamu alaikum. Gobe da safe za mu ɗauki shiri kan ƙiba, kuma leftin ya tsaye mini a wuya. Malamai, me zan kira shi?

Likita: Hajiya, a fara da aikinsa. Furotin ne da kitsen jiki ke sakawa cikin jini, ya je ƙasan ƙwaƙwalwa ya shaida mata ajiya ta isa, a rage ci. A 1994 Jeffrey Friedman ya gano ƙwayar gadonsa a Amurka. Yaron da ya gaji lalatacciya daga uwa da uba ba ya ƙoshi, ƙiba ta kama shi tun yana ƙarami, sai dai irinsu ƙalilan ne. Ni dai "manzon ƙoshi".

Malamin Hausa: Manzo? A'a likita, kalmar ta yi nauyi a kunnen Musulmi. "Ɗan aiken kitse."

Mai haɗa magunguna: "Ƙoshi" ma ɓatarwa ce. Ƙoshin bayan tuwo daga ciki da hanji saƙonsa ke tasowa, leftin kuwa labarin rumbu yake kaiwa. Yawancin masu teɓa ma yana da yawa a jininsu, ƙwaƙwalwar ce ta daina sauraro. Ku ce ƙoshi a rediyo, ran kasuwa mai lasifika ya fito da garinsa a leda.

Baba na Ƙaura: Mi yas sa kuka bar "furotin"? Kullum aron Turanci, sai ka ce Hausa ba ta da uwa!

Malamin Hausa: Baba, sukari da asibiti ma aro ne.

Baba na Ƙaura: Waɗannan sun yi furfura cikinmu.

Likita: Mu koma kan aiki. Hajiya, kada ki tsaya kan ƙiba kawai. Tumbi, hawan jini daga 130/85, sukarin jini daga 100 kafin a karya, maiƙon jini daga 150, ƙarancin kolestarol mai amfani: uku cikin biyar ɗin nan suka haɗu, haɗarin ciwon sukari da na zuciya ya ƙaru.

Mai shiri: Na gode. Zan ce leftin sau ɗaya, sannan "ɗan aiken kitse". Sunan haɗuwar cututtukan fa?

Baba na Ƙaura: Ɗan aiken na yarda, ba don ya gamsad da ni ba. Furotin kam ban sa hannu ba.