Yarona wata 22 baki ya ƙi buɗewa, ga birgima duk sanda za a bar wani abu a koma wani

maman_ɗaya:

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema akan yarona. Watansa 22, shi ne na fari shi yasa bani da abin gwadawa sai 'ya'yan mutane, kuma duk sa'ansa da na gani sai in ga bakinsa ya buɗe nawa ne kawai shiru. Jiya na zauna na ƙirga kalmomin da yake faɗa basu wuce takwas ba, mama, baba, uwa (ruwa yake nufi), ota (mota), a'a wannan kam ya ƙware a kanta, sai kukan mage da yake kwaikwayo ban ma sani ba ko shi ma ana ƙirga shi. Sauran duk nuni ne da yatsa da uh uh, ko ya kamo hannuna ya ja ni har gurin abin. In na ce ɗauko takalminka yana ɗaukowa, amma wani lokacin sai na kira shi sau uku kafin ya waigo. Mai rainonsa kuma wani yare take masa daban da namu, har an fara ce min wai shi ne ya rikita shi.

Na biyu wanda shi ya fi gajiyar da ni, komai za a bari a koma wani sai an yi yaƙi. A shiga wanka kuka, a fito daga wankan ma kuka, sa kaya kokawa, da safe in zan ajiye shi gurin mai raino sai ya maƙale min a ƙafa har sai na lallaɓa na gudu bai gani ba, da yamma kuma in na je ɗauko shi ya ƙi biyo ni, wlh har kunya nake ji kamar ba ni na haife shi ba. Waya kam na san laifina ne, ina sa masa katun don in samu in yi aikin gida, karɓarta kuwa sai birgima har da buga kai. Jira zan yi ko akwai abin da ya kamata in yi?

kakar_yara:

Wa alaikumus salam 'yata, ki kwantar da hankalinki. Nauyin baki ne kawai, maza dama haka suke. Cikin nawa akwai wanda sai da ya kusa shekara uku kafin a ji bakinsa, yau shi ne ya fi kowa surutu a gidan, sai an ce masa ya isa. Tunda yana jin aike ai ba kurma ba ne. Abin da zan ce miki kawai ki riƙa yi masa hira, kina wanki kina gaya masa abin da kike yi, kina tafe da shi kina nuna masa abubuwa, ko bai amsa ba yana tarawa ne a ciki. Wayar nan kuma ki raba shi da ita, mu da muka yi raino ba waya ai bamu mutu ba. Birgima kuwa duk ɗa sai ya yi, in kin ga ba zai ji ciwo ba ki bar shi ya gama abinsa.

malamar_raino:

Sannu maman yaro, ni shekarata tara ina aiki da 'yan wannan shekarun, bari in miki magana akan rigimar don ita nake gani kullum. Ɗan wata 22 bai san lokaci ba, in kika ce masa saura minti biyar daidai yake da baki ce komai ba. Abin da ya sani shi ne motar da ke hannunsa yanzu, ke kuma kin zo ta baya kin sunkuce shi. Ki auna da kanki, kina tsakiyar hira da ƙawarki wani ƙato ya ɗaga ki sama ya dire ki a banɗaki ba ko sallama, kuma baki da bakin cewa tsaya in gama, ai ke ma sai inda ƙarfinki ya ƙare. Kinga kenan rashin maganar da birgimar tushensu ɗaya.

Yadda muke yi, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki taɓa shi ya kalle ki, sannan ki ba shi gargaɗin da ido ke gani, mota za ta tafi sau uku sai ta kwanta, ku ƙirga tare, ɗaya, biyu, uku, mota sai anjima. Ki riƙo tawul a hannu in wanka za a yi, takalmi in fita ce, don abin da ya gani ya fi shigarsa akan abin da ya ji. Magana gajera kuma iri ɗaya kullum, takalmi tukuna sai fita, wanka tukuna sai littafi. Kar ki tambaye shi za ka yi wanka? tunda kin ce ya ƙware a a'a kin san amsar. Ki ce kofin ja ko shuɗi za ka tafi da shi wanka, ya zaɓa ya riƙe abinsa ya tafi da ƙafarsa, yaron da aka ba wa abin ɗauka ya fi saurin tashi. Mu har waƙar kwashe kayan wasa muke da ita, ni na ƙirƙire ta ba wani daɗi gare ta ba, amma da na ɗauko ta kowa ya san abin da ya biyo baya. In kin ce uku to uku ne, ranar da kika ƙara masa uku don ya yi kuka kin koya masa cewa kuka na ƙara lissafi. Satin farko rigimar na iya fin ta da, kar ki ce abin bai yi ba.

Guduwar da kike yi da safe dan Allah ki daina. Ke kin huta da ganin hawaye, shi kuma ya koyi cewa in ya ɗauke ido mama ɓacewa take, shi yasa yake ƙara maƙalewa. Ki rungume shi, ki faɗi kalma iri ɗaya kullum, mama ta tafi, mama za ta dawo bayan barci, ki juya ki fita kar ki tsaya leƙe a bakin ƙofa. Yawancinsu kafin uwar ta yi nisa sun koma wasa. Na yamma kuma ba ƙin ki yake ba, gajiyar yini ce ya tara sai a kan wadda ya fi yarda da ita zai sauke, ki ɗan zauna ya nuna miki abin da yake yi kafin ki ce a tafi. Ki duba barcinsa ma, ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 har da na rana, mai jin barci ko yunwa ba dabarar da ke ci a kansa.

baban_uku:

Mama kakar yara, Allah ya ƙara girma, maganarki akan hira da waya gaskiya ce, amma a yi min afuwa akan batun kunne don ni abin ya faru a gidana. 'Yata ta biyu ita ma tana jin aike sarai, ashe ido take bi, in ka nuna takalmi ka ce ɗauko ai ko ba ta ji duka ba za ta gane. Muka yi ta cewa nauyin baki ne har ta wuce shekara biyu da rabi. Asibitin farko da muka je ko leƙa kunnen ba a yi ba aka ce mu ƙara haƙuri, sai a na biyu likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya gano ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnenta duka biyun. Abin da ya sa ba a ganewa, yawanci baya ciwo ba zazzaɓi, bayan mura yake zuwa, yau yaro ya ji gobe ya ji kamar an toshe masa kunne da yatsa, to yaya zai kwaikwayi kalmar da rabinta yake ji. Likitan ya ce da yawa yana wucewa da kansa cikin wata uku, shi yasa aka fara jira, tata bai wuce ba aka sa mata ɗan ƙaramin bututu. Bayan nan har tsorata take da ƙarar ruwan famfo, ashe da can bata jin sa sosai.

Ba cewa nake naki shi ne da shi ba maman yaro, amma wannan kira sau uku da kika ambata shi ya tsaya min a rai. Gwajin ji ba allura ba ciwo, ki je a yi.

nas_ta_yara:

Na goyi bayan baban uku, gwajin ji shi ake fara yi wa duk yaron da magana ta yi wa jinkiri. Ga ma'auni don ki daina gwada shi da 'ya'yan maƙwabta. Jerin da hukumar CDC mai kula da cututtuka ta Amurka ta sabunta a 2022 ya ce a wata 18 yaro na ƙoƙarin faɗin kalma uku ko fiye ban da mama da baba, a wata 24 yana haɗa kalma biyu kamar ƙara ruwa, a wata 30 yana da kamar kalma 50. Masu koyar da magana da yawa kuma tun a wata 24 suke neman hamsin ɗin. To takwas a wata 22 ba abin tashin hankali ba ne, kuma ba abin naɗe hannu ba ne. Uwa da ota duk kalmomi ne tunda kullum abu ɗaya yake nufi da su, kukan magen ma ki ƙirga. Kuma ki tambayi mai rainon abin da yake faɗa da yarenta ki haɗa lissafin, yare biyu baya hana yaro magana, wannan ki cire shi a ranki. Gaskiya ne da yawa cikin masu nauyin baki suna kamo sa'o'insu da kansu kamar ɗan Mama, matsalar ita ce ba mai iya nuna miki tun yanzu wanne ne zai kamo wanne ne ba zai kamo ba, bambancin maza da mata kuma ɗan kaɗan ne. Nuni da yatsa da jin aike da kika ce yana yi alamu ne masu kyau. Abin da ake hanzarta kai yaro a kansa shi ne in baya nuni sam, baya haɗa ido, ko ya daina faɗin kalmar da ya iya da, a nan ne ake duba otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane), dama akwai 'yan tambayoyin da ake yi wa iyaye a wata 18 da 24.

Katun kuma, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kafin shekara 2 a bar shi gaba ɗaya, daga 2 kar ya wuce awa ɗaya a rana. Akwai binciken Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a 2003, jarirai 'yan wata 9 aka riƙa yi musu Sinanci zama 12, waɗanda mutum ya zauna gabansu suka koyi bambance sautukan yaren, waɗanda aka kunna wa bidiyo kamar basu taɓa ji ba. Katun baya jiran yaro ya amsa, ke ce mai jira.

Jiran nan shi ne inda iyaye suka fi kuskure, ni ma na yi. Da ya ce uh kin miƙa masa kofi, to me zai sa ya wahalar da bakinsa. Ki ɗaga kofin kusa da fuskarki ki ce ruwa, ki yi shiru ki ƙirga biyar a zuci kina kallonsa, ko me ya furta ki ba shi, kar ki hana shi wai sai ya faɗa. In ya ce uwa kar ki ce ba haka ake cewa ba, ki ce eh ruwa, ruwan sanyi, wato ki maimaita daidai ki ɗora kalma ɗaya. Ki rage mene ne wannan, ce kaza, ce kaza, yaro ma baya son jarrabawa. Kuma ba sai kin ware lokacin darasi ba, lokutan nan da malama ta lissafa, wanka, sa kaya, fita, su ne ajin, don kalmomi iri ɗaya suke dawowa kullum. In ya saba da ɗaya, biyu, uku, wata rana ki tsaya a biyu ki kalle shi kawai.

kakar_yara:

To ai shi kenan, na ƙaru. A zamaninmu ba wanda ya ce mana ruwa na ɓuya a kunne ba ciwo. A je a duba ɗin 'yata, amma hirar dai kar ki bari.

maman_ɗaya:

Na gode ƙwarai Mama, malama, baban uku da anti nas, Allah ya raya mana su. Kwana shida kenan da na fara. Mai rainon ta lissafa min kalma huɗu da yake faɗa da yarenta ni ban ma san kalmomi ba ne, gwaranci na ɗauka, yanzu sha biyu kenan har da mage. An ba mu ranar gwajin ji sati mai zuwa. Sallamar safe kwana uku na farko kuka ya yi sosai, nima a hanya na yi nawa, jiya dai ya saki ƙafata da kansa ko da yake bai kalle ni ba. Shiga wanka ya yi sauƙi da dabarar kofin, fitowa ce har yanzu yaƙi, in na ƙirga uku sai ya ce a'a ya zauna daram cikin ruwan. Malama ya kuke yi da wannan?

malamar_raino:

Ki daina fitar da shi daga ruwan, ki fitar da ruwan daga gare shi. Ki ba shi kofinsa ya taya ki kwashewa kuna cewa ruwa sai gobe, in robar ta koma wayam sanyi ya fara taɓa shi da kansa zai miƙo hannu, tawul dai ya zama yana kafaɗarki tun kafin ku fara ƙirgawa.