Mangwaron aure a ƙaramin gida: in dasa ko in haƙura?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidana a Rigasa yake, fili hamsin da hamsin. Ina son dasa mangwaron aure a damanar nan, amma gurbin da ya rage taku huɗu ne daga katanga, ga sokawe a kusa. Saiwarsa za ta yi min ɓarna? Ko in koma gwaiba?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ku shuka gwanda kawai, cikin shekara kun fara ci.

Malam Tudun Wada: Ni har yau abin na ci min rai. A bakin titi na sayi dashe biyu, mai lambun ya rantse min na aure ne, irin da ake kira Julie. Duk rani ruwan 'yan garuwa nake saya ina ba su, ga yaƙi da gara, yau toka gobe magani. Ɗaya ya bushe da hunturu. Ɗayan sai da ya shekara bakwai ya yi fure, da ya nuna ashe ɗan gargajiya ne mai zare. Na koma wurin, mutumin ya tashi. Allah ya isa!

Ɗan Mando: Malam, ka yi haƙuri, wataƙila ba cutarka aka yi ba. A kwalejin gandun daji ta Afaka aka koya mana: duk tohon da ya fito ƙasan gaɓar auren a cire shi, in aka bar shi yakan rinjayi na saman. Na aure shekara uku zuwa huɗu yake fara 'ya'ya. Dubu huɗu na sayi nawa.

Alhaji Kawo: Dubu huɗu? Ɗari takwas ake ba ni a Zariya. Yaro, tun ba a haife ka ba nake da lambu.

Ɗan Mando: Baba, wannan kuɗin ko leda da taki bai biya ba yanzu.

Sani Kakuri: Ku dai dasa, mu masu cin sadaka buhunmu na nan a shirye.

Hajiya Barnawa: Ku bar batun kuɗi. Da Afrilu ya kama, jifan yara ne zai hana ku barcin rana. Bara suka fasa min gilashin taga, uwarsu ta ce ai reshen kan titi yake.

Maman Ilham: Wallahi Hajiya, mu ganyen na maƙwabta ne ke toshe mana kwata. Wa ake kai wa ƙara, mai unguwa?