Riƙe Ƙwallo Ko Jiran Kuskure? Musayar Baitoci Kan Ƙwallon Mata

Kocin Rumde, Garwa:
Salamu alaikum, ga nawa na buɗewa.
Matan Sifaniya ba su san gaggawa,
Uku a tsakiya suna ta miƙawa,
Taɓi ɗaya, taɓi biyu, sai sakewa,
Bonmati na laluben gurbin kutsawa,
In ƙwallo ta kuɓuce, nan take matsawa.
Sidni, wasan ƙarshe na Kofin Duniya 2023, Carmona ta yi zurawa,
Ɗaya tal, Ingila ta kasa ramawa.

Hajiyar Domayo, Marwa:
Koci, ka ɓoye rabin gaskiya,
A gasar nan Japan ta ba su kunya.
Biyar a baya, huɗu a tsakiya,
Sun toshe ciki, sun bar gefen hanya,
Riƙon ƙwallo kashi 23 cikin ɗari, ba su damu ba ko ɗaya.
Da an ƙwace, a jefa bayan 'yan baya,
Miyazawa ta ci biyu, gudu kamar kibiya.
4-0! Mai tuƙi ya kwana da yunwa gaban tukunya.

Kocin Rumde:
Hajiya, na karɓa, ba musantawa.
'Yan gefen Sifaniya duka sun hau, ba mai rufewa,
Biyu kacal a baya, fili ba iyakar gudawa.

Ɗan Baladji, Ngaundare:
Baba, Inna, ku dawo gida mu gyara.
Lionnes ɗinmu, matan Kamaru, ƙarfi da gudu, ba sa jira,
Doguwar ƙwallo gaba, sai a nemi Ajara.
Da Niyu Zilan, 2019, minti 95 ta ƙara.
To amma dab da tashi ciwonmu ke fara:
Yawunde, wasan ƙarshe na kofin Afirka 2016, Najeriya ta ci mu, lokaci kaɗan ya saura.
Da Fotugal, neman gurbi, 2023, mun farke, murna ta fara,
Sai hannu, sai fenariti, Kofin Duniya muka yi asara.

Hajiyar Domayo:
Ɗana, ba sa'a ba ce, tazara ce babba.
Ƙwallon sama sau da yawa ba taka ba ce ba,
Tana dawowa, 'yan gaba ba su dawo ba,
'Yan tsakiya sun yi ta zirga, ba su huta ba.
Mita 15 tsakanin layi, kar a wuce, ka ji ko ba ka ji ba?
Minti 65 a sauya biyu, tun ƙafa ba ta mutu ba.
Dubi Najeriya a Rabat, 2025, ba su rikice ba,
Maroko na gaba 2-0, aka tashi 3-2, kofin Afirka na goma a aljihu, Baba.

Kocin Rumde:
Ku ba ni zuwa la'asar, amsa na tahowa.