Me za mu kira "streaming" da Hausa?

Mai tambaya, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Kalma nake nema, kuma buƙata ce ta kawo ni. Talabijin ɗaya ce a falonmu, amma a cikinta akwai YouTube, akwai Netflix, ga manhajar Arewa24. Baba tafsiri yake nema, Inna fim ɗin Hausa, yara katun, kowa ya taɓa sai ya hargitsa wa na baya. Jiya na zauna na gyara komai. Na jawo manhajojin da aka fi buɗewa zuwa gaba, na ware wa kowa gurbinsa a Netflix tunda asusu ɗaya yana ɗaukar har biyar, na yara kuma daban yadda ba za su ga abin manya ba. Sai na ɗauko takarda zan rubuta wa Inna bayani in liƙa a bango. A layin farko na cije. Wannan kallon da ake yi ta intanet ba tare da an sauke fim a waya ba, me ye sunansa? Yara na cewa "sitirimin", Inna kuwa ba za ta taɓa faɗin haka ba.

Ɗalibi, Kongo: Yaya, ai "kallo kai tsaye" ake cewa.

Mai tambaya: Ƙanena, na yi tunaninsa. Amma kai tsaye yana da mai shi. Idan an ce ana nuna hawan sallar Zazzau kai tsaye, kowa ya san a daidai lokacin dawakai ke gaban fada. Fim ɗin da aka ɗauka shekara 5 da suka wuce fa? In na rubuta wa Inna haka, za ta zaci yanzu ake yin sa.

Malama, Samaru: Ni dai roƙona kada a ce "yawo". Ina ganinsa a wasu rubuce-rubuce, raina yana ɓaci. Wa zai ce wa mahaifiyarsa zo mu yi yawo a falo? Asalin kalmar Turancin daga gudun ruwa take, don haka na fi son "kwarara". Saukewa kamar ɗebo ruwa ne ka zuba a randa, ko an ɗauke kana da abinka. Wannan kuwa famfo ne, muddin yana buɗe yana zuwa, kuma data na tafiya. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya tana iya cin giga 1, in hoto mai kyau ne har giga 3. Ya kamata sunan ya riƙa tuna wa mutanen gida wannan.

Dattijo, Kwarbai: Malama, misalinki na randa da famfo ya yi. Sai dai ki gwada sa kalmar a baki: "ina kwarara fim." Ba ta zauna ba. Mu da muka taso da majigi a fili, ba wanda ya tambayi ma'anarsa a Turanci, baki ne ya lanƙwasa shi ya zama namu. Garin nan namu na Zariya ne ya haifi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma masu aikinta sun san Bahaushe ya fi son ya kira abu da aikin da hannunsa ke yi. Dubi a-kori-kura, dubi faɗi-ka-mutu da ake ce wa tangaran, dubi taɓa-ka-lashe. To me hannu ke yi a nan? Dannawa. Ku ce danna-ka-kalla.

Ɗalibi: Baba, ai fim ɗin da aka tura maka a waya a shagon unguwar PZ ma dannawa kake ka kalla.

Dattijo: Wannan sai ka je, ka biya, ka jira a tura. Sunansa turi, ya riga ya samu. Namu ba jira, ba ajiya.

Malama: Na yarda, Baba. Amma a bar mini kwarara a wajen bayani, kamar a ce "hoton ba ya kwarara sosai" idan sabis ya yi rauni yana ta juyi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma Baba. Na gwada wa Inna bayan la'asar ban yi mata wani bayani ba, ta ce, "Wato wanda ba sai an tura ba?" Ga abin da na rubuta a takardar: Manhajojin danna-ka-kalla uku ne a talabijin. Kowa ya shiga ɗakinsa, hoton kore na Inna ne. Kuɗin wata ranar 1 ake biya. In an gama a fita, data na kwarara. "Ɗaki" ɗin nan ma ita ta raɗa wa gurbin kowa, don ta ce yara su daina shigar mata ɗaki suna cika shi da katun.