Haɗa hanyoyin jinya bayan firgici

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum. Ƙanwata tana fama da razana da mugayen mafarkai tun bayan harin da aka kai ƙauyenmu, kuma likita ya ɗora ta a kan magani. Shin ya dace a haɗa mata da zaman tattaunawa?

Malam Bukar: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar EMDR (jinyar da ake sa mutum ya riƙa motsa idanunsa yayin da yake tuna abin da ya firgita shi) da jinyar gyaran tunani ga masu irin wannan matsala, amma likitanta ne ya kamata ya tsara haɗin.

Hajiya Rabi: Ni dai a ganina, tare da addu'a, a fara koya mata daidaita numfashi da gane abin da ke tayar mata da hankali, kafin a taɓo labarin harin.