Neman shawara: dalar azurfa ta 1913 guda uku, wacce ta cancanci kuɗina?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida, ina neman shawarar manya. Na ɗan jima ina tara kuɗin zamanin Turawa, su anini da kwabo mai huda da sisi da sule, duk waɗanda nake tsinta wajen dattawa da 'yan koli. Yanzu ina son in mallaki guda ɗaya ta gani ta faɗa, irin wadda kamfanin tantancewa ya duba ya ba ta maki ya rufe a kwanson roba. Ƙanina da ke karatu a Ingila ya samo wani dillali mai dala, wato sule biyu, ta azurfa, bugun 1913, mai kan Sarki Joji na Biyar da bishiyar kwakwa a bayanta. Guda uku gare shi, duka a kwanson kamfanin tantancewa na NGC. Ta farko an rubuta mata AU 58. Ta biyu MS 62, kuɗinta ya kusa ninka na ta farkon. Ta uku an rubuta UNC Details, Cleaned, ita ce mai araha, kuma a hoto ta fi su ƙyalli nesa ba kusa ba. Ƙanina ya ce tunda 62 ta fi 58 ai magana ta ƙare. Ni kuwa raina ya fi kwantawa da mai arahar. Ta yaya mutum zai gane mai kyau da idonsa kafin ya saki kuɗi? Ko lambar da ke jikin kwanson ta wadatar?

Alhaji na Fagge:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, ka fara cire ta ukun daga lissafi. Wannan rubutu da ke jikinta yana nufin an wanke ta ko an goge ta, shi ya sa kamfanin ya ƙi ba ta lambar maki gaba ɗaya. Ya dai shaida ba jabu ba ce, kuma ba ta yi yawo a hannu ba, iyakarsa ke nan. Ƙyallin da ya ɗauke maka hankali na guga ne. Sheƙin asali daban yake: lokacin da ƙarfen bugu ya danne azurfa, tana malala daga tsakiya zuwa baki, sai ta bar wasu 'yan siraran layuka da ido ba ya gani. Su ne ke sa idan ka karkata kuɗin a ƙarƙashin fitila ɗaya ka ga haske na zagayawa a fuskarsa kamar farfelar fanka. Wanda aka goge, hasken ba ya zagayawa, ko'ina fari fat lokaci guda, kuma in ka kai shi wani kusurwa za ka ga ƙananan kwarzane sun jeru duk sun fuskanci waje ɗaya. Abin da guga ta cire ba ya dawowa har abada.

Saura biyu. A nan ne ƙaninka ya yi gaggawa. Ma'aunin da suke aiki da shi daga 1 zuwa 70 ne, wani Ba'amurke William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa 70 shi ne MS, kuɗin da babu alamar suɗewa a jikinsa ko kaɗan. Daga 50 zuwa 58 shi ne AU, wanda ya ɗan taɓa hannu. To amma ka lura da abin da ke ɓoye a nan. 58 ita ce ƙololuwar ajinta, 62 kuwa tana kusa da ƙasan nata ajin. Sau da yawa mai 58 kuɗi ne kyakkyawa, fuska sumul, sheƙi kusan cikakke, laifinsa kawai ɗan gogewa a wurare masu tudu. Mai 61 ko 62 kuma bai shiga kasuwa ba, gaskiya ne, amma ya sha karo da 'yan uwansa a buhu, fuskar sarki duk tabo, wani lokaci sheƙin ma a dushe. Na sha riƙe 58 da ta fi 62 kyan gani. Ban ce taka haka take ba, tunda ban gan ta ba. Ina nufin lamba ba za ta faɗa maka wannan ba, sai ido.

Ga inda za ka duba a kan sarkin: ɗaurin kambinsa mai jerin duwatsu, saman kunne, gashin baki da gemu. A baya kuma tsakiyar ganyen bishiyar. Nan ne suɗewa ke farawa. Wurin da ya gogu launinsa kan yi toka-toka, ya bambanta da kewayensa, kuma haske in ya zo wurin sai ya yanke. Kada ka rikita wannan da raunin bugu. Wanda bugunsa bai kama sosai ba, zanen bai fito tas ba amma sheƙin na nan a kansa.

Baban Ummi:
Allah ya ƙara girma, Alhaji. To ni da nake Kano kuɗin na Ingila, hoto kawai nake gani, ya zan yi da maganar fitila?

Alhaji na Fagge:
Hoto ɗaya ba ya nuna sheƙi, kuma mai sayarwa ya san kusurwar da ke ɓoye kwarzane. Ka ce ƙaninka ya je da ƙafarsa, ko dillalin ya ɗauko bidiyo yana juya kwanson a hankali ƙarƙashin fitila guda, gaba da baya. In ya ce ba shi da lokaci, kai ma ba ka da kuɗi.

Injiniya:
Ƙari kan bayanin Alhaji, shi kansa kwanson ana yin na jabu. Kowane kwanso na da lambar shaida a takardar da ke ciki. NGC da PCGS, wani kamfanin tantancewar, duka suna da wurin da za ka shigar da lambar a shafinsu kyauta. Kada ka tsaya a kan cewa lambar ta fito, domin masu jabu lambar gaske suke kwafa. In akwai hoto a rumbunsu, ka buɗe shi ka nemi wani tabo guda, ko ɗigon baƙi kusa da wani harafi, ka ga ko yana nan daidai a wadda ake tallata maka. Kuɗi biyu ba sa yin tabo iri ɗaya.

Sannan ba kowane kwanso ne kwanso ba. PCGS ta fara a 1986, NGC a 1987, su biyun ne kasuwar duniya ta fi yarda da su. Akwai masu sayen robar su buga takarda a gida su rubuta 70. Taka tunda NGC ce, wannan bai shafe ka ba, na faɗa ne don masu karatu. Wani abu kuma tunda daga Ingila za ka saya: dillalansu na da nasu tsarin na haruffa, kuma abin da Baturen Ingila zai kira EF, wato mai kyau ƙwarai, sau da yawa Amurkawa AU za su ba shi. Kada a haɗa maka ma'auni biyu a ciniki ɗaya.

Maman Hanif:
Ni dai Baban Ummi, da za ka ji tawa, da ka ɗan dakata da sayen nan. Ba don kuɗin ba su da kyau ba, don idonka bai nuna ba tukuna, tunda har mai gugar ce ta fi burge ka. Kuma makarantar na cikin gidanka. Ka zube sulallan da ka tara a kan farin ƙyalle, ka samo gilashin nan na masu gyaran agogo mai ƙara girma sau biyar, ka jera su daga suɗaɗɗe zuwa mai kyau. Ka riƙe su ta baki, kada ka ɗora yatsa a fuska. Bayan nan ka shiga rumbun gwanjon Heritage, rajista kyauta ce, ka nemo kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Ingila. Ka rufe takardar makin da yatsa, ka kalli kuɗin, ka rubuta lambar da kake zato, sannan ka buɗe. Da farko za ka yi ta faɗuwa. Ranar da ka ga kana dacewa ko kana kusa, to ka isa shiga ciniki. A can kuma za ka ga nawa aka sayar da irinta a zahiri, wanda shi ne farashi, ba abin da dillali ya yanka ba.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta yi gaskiya. Mu nan Nijar dala tamu sefa biyar ce, sai da na karanta sau biyu kafin na gane ta sule biyu ake nufi. Abin da zan ƙara, shekarar da ke jikin kuɗi ma kan yaudari mutum. Liyarin nan na Mariya Tereza da iyayenmu mata ke sarƙa da shi, kusan duka 1780 aka rubuta, alhali an yi ta sake buga shi da wannan shekarar har zamaninmu. Wani sai ya ɗauka ya tsinci abin shekara ɗari biyu da wani abu. A taka dalar, ka duba ko akwai ɗan harafin H a ɓangaren bishiya. In akwai, bugun masana'antar Heaton ne ta Birmingham, in babu na Landan ne, kuma lissafinsu daban ake yi. Ka tabbata guda ukun iri ɗaya ne kafin ka kwatanta kuɗinsu.

Auta:
Don Allah manya, ni ina da kwabo mai huda guda goma, har da na 1936. Tunda an huda su ke nan sun lalace? In ba su lalace ba nawa za su ba ni in sayi mashin?

Alhaji na Fagge:
Auta, hudar kwabo da ɗari da anini daga masana'anta take, ba laifi ba ce. Wadda ke kashe daraja ita ce ta maƙeri, da aka yi wa sule don a rataya. Na 1936 ka duba sunan da ke jiki, in Edward na Takwas ne ka adana shi, sarkin da ya sauka bai cika shekara ba, a Ingila ma kuɗinsa ba su shiga hannun jama'a ba amma mu nan an kashe su. Sai dai an buga su da yawa, mashin kam sai ka nemi wata hanya. Kuma kada ka kuskura ka kai musu toka ko lemon tsami.

Injiniya:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo: ranar sayarwa. Dalar nan nauyinta giram 11.31 ne, azurfar cikinta wajen giram goma da rabi. In ka shiga Kurmi da ita, mafi yawan masu saye sikeli za su ɗora ta, roba da lamba ba su dame su ba. Duk abin da ka biya sama da kuɗin azurfa, sai a wajen masu tarawa irinka zai dawo, su kuma yawancinsu suna waje. Ka saya da kuɗin da ba ka da buƙatarsu nan kusa. A nan ma mai gugar ce ta fi wahalar fita, domin duk wanda ya san harkar zai karanta takardar ya wuce.

Maman Hanif:
Injiniya, ni ban ɗauke ta haram ba fa. Wanda ya san an goge ta, ya biya kuɗin gogaggiya, yana son ya riƙe tarihin 1913 a hannunsa, shekarar da aka fara buga mana namu kuɗin azurfa, ba ruwan kowa da shi. Matsalar ita ce mutum ya saye ta yana zaton ya yi wa dillali wayo.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba lambobin shaidar kamar yadda Injiniya ya ce, duka ukun sun fito kuma hotunan sun dace. Da na buɗe hoton mai 62 da girma, na ga wani dogon kwarzane a kuncin sarki wanda bai fito a hoton dillalin ba. Mai 58 ce ke da H, sauran biyun babu. Ƙanina zai je ranar Asabar ya ɗauko bidiyon.

Alhaji na Fagge:
To ka ga ba iri ɗaya ba ne, sai ka nemi farashin kowacce daban. Ka gaya masa ya kashe hasken wayarsa, ya tsaya nesa da taga, fitilar tebur ɗaya ta isa. Ya fara da mai 58, ya daɗe a kan kunne da kambi. In ya turo ka sa mana a nan mu gani tare.