Taƙaitawa: koyon karatun Hangul don waƙoƙin Koriya

Ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan yadda za a koyi Hangul, wato rubutun harshen Koriya, don karanta waƙoƙin Koriya.

1. Kowa ya yarda a fara da haruffa 24, baƙaƙe 14 da wasula 10, waɗanda Sarki Sejong na Koriya ya ƙirƙira a 1443. Ana jera su gaɓa-gaɓa: ㅎ da ㅏ da ㄴ su ne 한, wato "han".

2. A bar karanta waƙa da haruffan boko da wuri. Wanda ya ga "eo", yadda ake rubuta wasalin ㅓ da boko, yakan furta wasula biyu, alhali ㅓ sauti ɗaya ne, "o" da baki a buɗe.

3. Inda aka fi tuntuɓe shi ne baƙin ƙarshen gaɓa. Sauti bakwai kawai ake furtawa a can: k, n, t, l, m, p, ng. Kuma baƙi yakan sauya saboda maƙwabcinsa, shi ya sa 합니다 ke fita "hamnida" maimakon "hapnida". ㅇ ba ta da sauti a farkon gaɓa, a ƙarshe "ng" ce.

An rabu kan furucin ㄲ, baƙin da ake rubutawa "kk" da boko: wasu sun ce a ari ƙ ɗinmu, wasu sun ce ƙ tana fashewa, ㄲ kuwa matsewa ce kawai. Ina tare da na biyun.

An kuma rabu kan ko koyo ta waƙa kaɗai ya isa. Mafi yawa sun ce a haɗa da sauraron hira, domin mawaƙa suna jan wasula don kiɗa.